Hitar gas ta sito da gareji: Yadda na'urorin kariyarta ke aiki da haɗarin yi musu 'dairek'

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba a lokacin hunturu, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya da Jamus, da wuya mutum ya shiga babban sito ko garejin gyaran motoci ko masana'anta bai ga wani akwatin ƙarfe rataye a ƙarƙashin rufi ba, da fanka a bayansa tana huro iska mai ɗumi. Wannan akwati hita ce mai aiki da gas. A cikinta wuta ce ke ci a saman kawunan ma'aikata da dukiya mai yawa, sau da yawa har tsakar dare, lokacin da kowa ya tashi an rufe ƙofa.

Abin da ya sa ake iya barin irin wannan wuta babu mai gadi shi ne wasu ƙananan na'urorin kariya da aka jera a cikin akwatin. Yawancinsu ba su wuce girman kwalin ashana ba, kuma aikinsu guda ne: su datse gas da zarar wani abu ya kauce daga yadda ya kamata. Saboda haka, duk lokacin da hita ta kashe kanta, akwai dalili a ƙasa, kuma wannan dalilin ne ya kamata a nemo. Haɗari mafi girma yakan faro ne daga ranar da wani mai gyara ya tsallake na'urar da ke kashe wutar, ya haɗa waya kai-tsaye, abin da makanikai ke kira "dairek", domin aiki ya ci gaba.

Wace irin hita ce wannan?

Hita ce mai cin gashin kanta, wato ba ta buƙatar tukunyar dafa ruwa ko dogayen bututan rarraba iska. Ana rataye ta a sama, a ja mata bututun gas da wayar lantarki, sannan a fitar mata da bututun hayaƙi zuwa waje. Gas yana ci a bakunan wuta, zafinsa ya bi ta cikin wasu bututan ƙarfe da ake kira bututan musayar zafi, fanka kuma ta hura iskar ɗakin ta bayan waɗannan bututa. Iskar ta ɗumama ta fito, hayaƙin kuma ya bi tasa hanyar ya fice daga ginin ba tare da sun gauraya ba.

Sana'ar ƙera ta tsohuwa ce a Amurka. Kamfanin Reznor ya faro ne a 1888 a garin Masa da ke jihar Fensilbeniya, shi kuwa Modine an kafa shi a 1916 a garin Rasin na jihar Wiskonsin, kuma har yau sunayen biyu na cikin waɗanda aka fi sani a wannan fanni. Ƙarfin irin waɗannan hitoci yakan kama daga kimanin kilowat 9, na ƙaramin garejin gida, zuwa sama da kilowat 100 na babban sito. Mai ƙarfin kilowat 100 tana fitar da zafin da ya kai na dutsen guga na lantarki guda ɗari a lokaci guda.

Haɗurra uku da ake gudu

Na farko shi ne gas ya riƙa fita ba tare da ya kama wuta ba. Iskar gas ta bututu, wadda yawancinta mitan ne, tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Gas na tukunya ya fi ta saurin kamawa, domin furofen yana kamawa tun daga kimanin kashi 2 cikin 100. Bugu da ƙari, mitan ya fi iska sauƙi, yakan tashi sama, amma furofen da butan sun fi iska nauyi, sukan kwanta a ƙasa su taru a rami da kwata da ƙarƙashin kanta.

Tarihin Amurka yana da darasi mai ɗaci a kan wannan. A ranar 18 ga Maris, 1937, wata makaranta da ake ɗumamawa da gas a garin Niyu Landan na jihar Tekzas ta tarwatse, bayan gas ya zurara ya taru a ƙarƙashin ginin. Kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Babu wanda ya ji warin komai, domin asalin gas ba shi da wari. Bayan wannan musiba ne jihar ta kafa dokar zuba wa gas sinadari mai ɗoyi, sauran wurare suka bi sahu. Warin da ake ji a yau idan tukunyar girki tana yoyo, zuba shi aka yi da gangan domin hanci ya zama mai gadi na farko.

Haɗari na biyu shi ne zafi ya wuce kima, ƙarfe ya tsage ko wuta ta kama kayan da ke kusa. Na uku kuwa, wanda ya fi su kisan mummuƙe, shi ne iskar kabon monoksaid. Tana samuwa ne idan gas bai samu isasshiyar iskar da zai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara sakamakon shaƙar wannan iska bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su.

Kowace na'urar kariya da ke cikin hitar an sa ta ne domin ɗaya daga cikin waɗannan haɗurra uku.

Yadda hita ke tashi, mataki bayan mataki

Wanda ya san yadda fayil ɗin biyan kuɗi ke yawo a ma'aikatar gwamnati zai fahimci tsarin cikin sauƙi. Ba a sakin kuɗi sai kowane tebur ya sa hannu, kuma jami'i ɗaya ya ƙi sa hannu, fayil ya tsaya. Haka aka jera makunnan kariya a kan layin waya ɗaya, mai ɗauke da lantarki maras ƙarfi, yawanci bolt 24 a hitocin Amurka. Makunni ɗaya ya buɗe, lantarki ya yanke daga bawul ɗin gas, bawul ya rufe.

Idan sanyi ya sauka, ma'aunin zafin da ke jikin bango, wato tamostat, shi ne ke neman a kunna wuta. Allon sarrafawa, wanda shi ne ƙwaƙwalwar hitar, zai fara duba ko makunnan zafi suna daidai. Daga nan sai ya tayar da wata ƙaramar fanka mai zuƙo hayaƙi, ya jira tabbacin cewa iska tana tafiya a bututun hayaƙi. Zai bar wannan fanka ta yi aiki na wasu daƙiƙoƙi domin ta share duk wani ragowar gas da ya maƙale a ciki. Sai bayan haka tartsatsi zai fara, bawul ya buɗe, gas ya kama. Idan ba a ga wuta cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, bawul zai rufe. Idan an gan ta, babbar fanka za ta jira kimanin rabin minti ƙarfen ya yi zafi kafin ta fara hurawa. Haka kuma bayan an kashe wuta, fankar za ta ci gaba da juyawa na minti ɗaya ko biyu domin ta huce ƙarfen.

A yawancin hitocin zamani, allon yana gwada kunnawa sau uku. Idan duka ukun suka ci tura, sai ya kulle kansa, ya ƙi sake gwadawa har sai bayan kimanin awa guda ko kuma wani ya zo ya katse lantarki ya mayar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin kowane gwajin da bai kama ba gas ne ya fita bai ƙone ba. A jikin allon akwai ɗan ƙaramin ƙwan fitila da ke ƙyaftawa, kuma yawan ƙyaftawarsa shi ne ke nuna wane makunni ne ya hana tashi. Fassarar wannan ƙyaftawa tana manne a jikin murfin hitar ko a littafinta.

Bawul mai ƙofa biyu

Bawul ɗin gas na irin wannan hita ƙofofi biyu ne a jere cikin gida ɗaya. Dole duka biyun su buɗe kafin gas ya wuce, kuma idan datti ya hana ɗaya rufewa sosai, ɗayar za ta tare hanya. An ƙera su ne yadda lantarki ke riƙe su a buɗe, sifirin kuma yana tura su su rufe. Ma'ana, da zarar an ɗauke wuta ko waya ta tsinke, bawul zai koma a rufe da kansa.

A cikin gidan bawul ɗin kuma akwai madaidaicin ƙarfin gas. A hitocin Amurka ana saita gas na bututu a kan kimanin miliba 9, furofen kuma a kan kimanin miliba 25, sannan ba a yarda ƙarfin gas ɗin da ke shigowa ya wuce kimanin miliba 35 ba. Wannan ƙarfi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da wanda ke cikin tukunyar gas, shi ya sa haɗa hita da tukunya ba tare da madaidaicin da ya dace ba yake lalata bawul nan take. Dokar aikin gas ta Amurka, NFPA 54, ta kuma tanadi a sa bawul na hannu a kan bututu, kada nisansa da hitar ya wuce ƙafa 6, da kuma ɗan guntun bututu mai kallon ƙasa wanda ke tare tsatsa da datti kafin su isa bawul.

Mai gadin harshen wuta

Tambayar da hita ke yi wa kanta a kowane lokaci ita ce: gas ɗin da ke fita yana ci, ko zuba kawai yake yi? Hanyoyi biyu ake bi wajen samun amsa.

Tsofaffin hitoci suna da 'yar ƙaramar wuta da ke ci dare da rana, wadda ke kunna manyan bakunan wuta idan an buƙata. A cikin wannan 'yar wuta ake tsoma kan wani siririn ƙarfe mai suna tamokoful. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗe bakinsu, kuma idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da ɗan lantarki, abin da masanin kimiyya Bajamushe Tomas Zebek ya gano a 1821. Lantarkin bai wuce milibolt 25 zuwa 30 ba, amma ya isa ya riƙe wani ƙaramin maganaɗisu da ke buɗe hanyar gas. Idan iska ta hure 'yar wutar, ƙarfen ya huce, maganaɗisun ya saki, gas ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake danne maɓalli na kusan minti guda lokacin kunna irin wannan hita, domin a ba ƙarfen lokaci ya yi zafi. Rauninsa shi ne jinkiri: kafin ya huce ya saki, ana iya ɗaukar rabin minti ko fiye.

Sababbin hitoci sun bar wannan tsari. Dokar makamashi ta Amurka ta 2005 ta wajabta cewa duk irin wannan hita da aka ƙera daga watan Agustan 2008 ta kasance mai kunna kanta lokacin buƙata kawai, kuma ta kasance da fankar fitar da hayaƙi ko murfin bututu mai rufe kansa. A cikinsu, wata 'yar sandar ƙarfe ce ke tsaye a cikin harshen wuta. Harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki, don haka allon yana tura lantarki ta sandar, ya ratsa wutar zuwa jikin ƙarfen murhun, ya dawo a matsayin wata alama 'yar mitsitsiya, ta 'yan maikro'amfiya kaɗan. Idan wuta ta mutu, alamar ta ɓace, bawul ya rufe cikin kimanin daƙiƙa ɗaya.

Saboda ƙanƙantar wannan alama, ƙura ko tsatsa a jikin sandar, ko rashin kyakkyawar wayar ƙasa, sun isa su sa hita ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, ta sake kamawa ta mutu. Maganin yawanci bai wuce goge sandar da gyara wayar ƙasa ba.

Makunnin iska

Wannan makunni ɗan faifai ne mai fatar roba a ciki, an haɗa shi da fankar hayaƙi ta wani siririn tiyo. Idan fankar tana zuƙa yadda ya kamata, fatar ta motsa, makunnin ya haɗu, allon ya samu izinin ci gaba. Idan tsuntsu ya yi sheƙa a bututun hayaƙi, ko ƙanƙara ta toshe bakinsa, ko ruwa ya taru a inda bututun ya lanƙwashe, ko injin fankar ya gaji, zuƙar ba za ta kai ba, kuma gas ba zai buɗe ba.

Wannan shi ne babban shinge tsakanin ma'aikata da kabon monoksaid, domin hayaƙin da ya rasa hanyar fita waje cikin gini zai dawo. Masu ƙera allunan zamani sun san halin masu gyara, shi ya sa da yawa daga cikin allunan sukan fara tabbatar da cewa makunnin a buɗe yake kafin fanka ta tashi. Idan suka tarar da shi a haɗe tun fanka ba ta motsa ba, sai su ɗauka ya maƙale ko an yi masa dairek, su ƙi tashi. Tsofaffin hitoci marasa fankar hayaƙi suna da nasu makunnin a bakin bututu, wanda ke jin zafin hayaƙin da ya juyo baya ya kashe wuta.

Makunnan zafi guda biyu

Na farko yana kusa da bututan musayar zafi, kuma yana buɗewa idan iskar da ke wurin ta wuce zafin da aka ƙayyade. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: babbar fanka ta tsaya, ko ƙura ta danƙare a fikafikanta, ko an rufe fuskar hitar, ko an tara kwalaye har sun toshe mata hanyar iska, ko kuma gas yana shiga fiye da kima. Wannan makunni yakan koma daidai da kansa idan ya huce. A nan ne yaudarar take, domin hita za ta riƙa kamawa tana mutuwa, ɗakin yana ɗan ɗumi, babu wanda ya damu. Amma kowane zagaye na tsananin zafi da hucewa yana gajiyar da ƙarfen, har wata rana ya tsage.

Na biyu yana bakin wurin da wuta ke shiga bututan. Aikinsa shi ne ya ji idan harshen wuta ya fasa shiga inda aka tanadar masa ya yo waje, inda wayoyi da bawul suke. Wuta takan yi haka ne idan baƙin hayaƙi ya toshe bututan, ko ƙarfen ya tsage iskar fanka tana shiga tana tura wutar baya, ko kuma manyan fankokin fitar da iska na masana'anta sun zuƙe iskar ginin har hita ta rasa abin shaƙa. Wannan makunni ba ya komawa da kansa. Sai an hau tsani an danna ɗan maɓallinsa, a wasu hitocin ma narkewa yake yi sai an sauya sabo. Masu ƙerawa sun yi haka da gangan ne, domin dole ƙwararre ya zo ya ga abin da ya faru da idonsa. Wanda ya mayar da danna wannan maɓalli aikin kowace safiya, yana kashe ƙararrawar gobara ne ya bar gobarar.

Abin da dairek ke jawowa

Ƙwararren mai gyara yakan tsallake makunni na 'yan daƙiƙoƙi yana tsaye a wurin, domin ya tabbatar da wanda ya buɗe, sannan ya cire wayar kafin ya sauko. Matsalar ita ce wayar da aka bari, da alƙawarin za a dawo gobe da sabon makunni.

A watan Oktoban 2006, wasu yara biyu 'yan Birtaniya, ɗan shekara 6 da 'yar shekara 7, sun mutu a masaukinsu a wani otal da ke tsibirin Kofu na ƙasar Girka, mahaifinsu da abokiyar zamansa kuma aka same su a sume. Kabon monoksaid ce ta shigo ɗakin daga wata tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas da ke ɗan ɗakin da ke manne da nasu. Binciken da aka yi a Ingila a 2015 ya ji shaidar cewa an tsallake na'urar da ya kamata ta kashe tukunyar, kuma masu yanke hukunci suka ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Tukunyar ruwa ce, ba hitar sito ba, amma tsarin kariyar iri ɗaya ne: na'urar ta ga matsala tana kashe wuta, wani ya ga kashewar ta dame shi ya rufe mata baki.

Abin da na'urorin ba sa gani

Duk da yawansu, akwai abubuwan da suka fi ƙarfinsu. Ba su san gas yana yoyo a mahaɗar bututu a can gefen bango ba. Ƙaramar tsaga a bututan musayar zafi tana iya daɗewa ba ta motsa kowane makunni ba. Haka kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke auna kabon monoksaid da ke cikin iskar da mutane ke shaƙa.

Wannan aikin ƙararrawa ce ta daban, wadda ake mannawa a bango. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ƙayyade kada iskar wurin aiki ta wuce kashi 50 cikin miliyan na wannan guba a tsawon awa 8. Ƙa'idar ƙararrawar gida ta UL 2034 kuwa ta ce idan gubar ta kai kashi 400 cikin miliyan, dole ƙararrawa ta yi ƙara tsakanin minti 4 zuwa 15. Alamomin shaƙarta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala da ruɗewa, waɗanda ake iya ɗauka mura ce ko gajiya. Abin lura shi ne idan mutane da yawa suka kamu lokaci guda a wuri guda, kuma suka ji sauƙi da zarar sun fita waje. A irin wannan hali, a fitar da kowa, a buɗe ƙofofi, a rufe gas daga bawul na hannu, a kai waɗanda suka shaƙa asibiti.

Wurin da aka rataye hita shi ma kariya ne. A garejin gyaran motoci a Amurka ana son ta kasance aƙalla ƙafa 8 daga ƙasa, saboda tururin fetur da ke kwanciya ƙasa da kuma motocin da ke shige da fice. A wuraren da ƙura ko tururin sinadarai suka yi yawa, ana amfani da nau'in da ke jawo iskar ƙonawa daga waje ta bututu na musamman, ba ya shaƙar iskar ɗakin ko kaɗan.

Ga mai niyyar shigo da ita Najeriya

A nan gida ba a cika buƙatar ɗumama sito ba, amma masu kiwon kaji sun san darajar ɗumi, domin 'yan tsaki suna buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, kuma sanyin hunturu a Jos ko Mambila ko Zariya yana iya kashe su a dare ɗaya. Haka ma masu busar da amfanin gona. Irin waɗannan hitoci kuma suna iya shigowa cikin kayan hannu da ake saye daga Turai da Amurka. Akwai abubuwa huɗu da ɗan kasuwa ko jami'in sayen kaya ya kamata ya duba.

Na farko nau'in gas ne. Hitar da aka ƙera domin gas na bututu tana da ramukan fitar gas masu faɗi, domin furofen yana ba da zafin da ya ninka na gas ɗin bututu kusan sau biyu da rabi a mudu ɗaya, butan kuma ya fi haka. Idan aka haɗa ta da tukunyar gas ba a sauya ramukan da saitin bawul ba, wuta za ta yi yawa, ta yi ja, ta tara baƙin hayaƙi, ta cika wuri da guba. Nau'in gas ɗin yana rubuce a farantin da ke jikin hitar, kuma gas na girki da ake sayarwa a Najeriya gauraye ne na furofen da butan, don haka sai a tambayi mai ƙerawa ko ta dace da shi.

Na biyu lantarki ne. Na Amurka bolt 120 ne mai bugu 60 a daƙiƙa, na Najeriya kuwa bolt 230 ne mai bugu 50. Taransifoma tana rage ƙarfin, amma ba ta sauya bugun, don haka fankar hayaƙi za ta yi gudu ƙasa da yadda aka tsara da kusan kashi ɗaya cikin shida. Zuƙarta tana iya gaza haɗa makunnin iska, hita ta ƙi tashi, kuma a daidai nan ne ake jarabtar mai gyara da yin dairek.

Na uku tudu ne. Iska tana raguwa yayin da ake hawa sama, shi ya sa dokar Amurka ta ce a wuraren da suka wuce ƙafa 2,000 daga matakin teku a rage ƙarfin wuta da kashi 4 cikin 100 a kan kowace ƙafa 1,000. Jos tana kan kimanin mita 1,200, wato kusan ƙafa 4,000, Mambila kuma ta fi haka.

Na huɗu ƙura ce. Ƙurar hunturu da gashin kaji da garin abinci suna toshe tiyon makunnin iska, su rufe sandar gane wuta, su danƙare a fanka. Hitar da ake dubawa sau ɗaya a shekara a Turai tana buƙatar fiye da haka a ɗakin kaji. Ƙananan hitocin 'yan tsaki marasa bututun hayaƙi kuwa a cikin ɗakin suke zubar da hayaƙinsu, don haka toshe kowace taga da leda domin tsare ɗumi haɗari ne ga kajin da mai kwana da su.

Wa ya kamata ya taɓa ta?

A Amurka da Kanada, ba a sayar da irin wannan hita sai ta cika ƙa'idar ANSI Z83.8 da takwararta CSA 2.6. A Tarayyar Turai, dokar kayan gas mai lamba 2016/426 ce ke aiki tun watan Afrilun 2018. A Birtaniya kuma, laifi ne mutum ya yi sana'ar gyaran kayan gas ba tare da sunansa yana cikin rajistar Gas Safe ba, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, NMDPRA kuma tana kula da harkar rarraba gas.

Dubawar da ake yi kafin shigowar sanyi ba ta da tsada: a leƙa bututun hayaƙi daga farko har ƙarshe, a haska bututan musayar zafi a nemi tsaga ko tsatsa, a auna ƙarfin gas da ma'auni, a shafa ruwan sabulu a mahaɗun bututu a ga ko zai yi kumfa, a tabbatar harshen wuta shuɗi ne tsayayye, sannan a gwada kowane makunni a ga yana kashe wuta da gaske. Idan makunni ya lalace, a sauya shi da mai lamba iri ɗaya, domin kowanne an saita shi ne a kan zafi ko zuƙar da ta dace da wannan hitar.

Mai sito ko shugaban sashen da ya kira mai gyara yana da tambaya ɗaya da ya kamata ya yi kafin ya biya kuɗin aiki: wane makunni ne ya buɗe, kuma me ya buɗe shi? Idan amsar ita ce sheƙar tsuntsu aka cire, ko fanka aka sauya, ko ƙura aka share, an yi gyara. Idan kuwa amsar ita ce "na haɗa maka shi ya tashi", to a rufe bawul na hannu, a nemo wani mai gyaran kafin a sake kunna ta.